Kiran da Larai Ta Yi a Bakin Tekun Badagry

Ana gab da kiran magariba, Larai na tsugune a tsakar gidansu na Agege tana tace gasarar kokon da za ta sayar gobe, sai ta ji wani abu ya zubo a kan kwanon ɗaki. Sama garau take, babu hadari. Ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne, har ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai abin ya gangaro ya zuba a gabanta. Yashi ne jiƙaƙƙe, fari fat, irin wanda babu shi a Agege. Ta ɗebi ruwan durom za ta wanke hannu, ta ji ƙarnin teku. Ta ɗanɗana, gishiri ne zalla.

Da ta waiwaya, ga 'yar farinta Fiddausi tsaye a ƙofar ɗaki, ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta ɗora a ka, fuskarta na kallon arewa.

Kwana biyu ke nan da dawowarsu daga Badagry. Matan makarantar Islamiyyarsu ne suka haɗa mota bayan Sallah don yara su buɗe ido, Larai ta tafi da 'ya'yanta biyu, Fiddausi mai shekara goma sha biyar da ƙanwarta Umaima. Sun ga tsohon gidan bene, sun shiga ɗakin da aka ajiye sarƙoƙin bayi, har wata ta ɗaga ɗaya ta sake ta don nauyi. Sun ƙetare ruwa a kwalekwale, suka taka doguwar hanyar yashi, mai yi musu jagora na cewa nan aka bi da mutane zuwa jirgin da ba a dawowa. Yara na ta ɗaukar hoto. Larai dai tasbihi take a zuci, don wurin ya yi mata shiru da yawa.

Kakarta Furera ta bar mata wata al'ada: in za a bar baƙon wuri, uwa ta kira kowane ɗa da sunansa sau uku, kada a bar kurwarsa a baya. Da rana ta yi sanyi, Larai ta kira Umaima sau uku. Amma Fiddausi 'yar fari ce, tun ranar suna bakin Larai bai taɓa furta sunanta ba, balle a gaban mata. Yarinyar na can nesa a bakin ruwa. Sai Larai ta ɗaga murya ta ce, "Ke da ke can, taso mu tafi gida."

Tun daga yammacin da yashin ya fara zuba, gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Rana na faɗuwa sai jifa, wani lokaci yashi, wani lokaci tsakuwa mai santsi. Fiddausi ta daina cin abinci. Yarabancin da take zubawa kamar ruwa ya ɓace daga bakinta, in ta yi magana sai da wata tsohuwar Hausa mai nauyi. Sau biyu 'yan okada masu babur suna dawo da ita daga hanyar Ogba, ba takalmi. Mijin Larai, Misbahu, ya bar aikinsa na lodin tirela a Apapa ya zauna gadin ƙofa. A rana ta biyar yarinyar ta dubi Larai ido cikin ido ta ce mata, "Ke wace ce?" Larai ta shiga ɗaki ta buɗe Alƙur'aninta, wanda ta koyi haɗa baƙinsa da girmanta, amma hawaye ya hana ta ganin layi.

Washegari bayan la'asar Misbahu ya zo da Malam Shitu, dattijo mai ruƙiyya, wanda ba ya ɗaga murya. Surukar Larai ta zo, matan gidan haya suka cika bakin ƙofa. Malam ya zauna a tabarma ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, har inuwa ta cinye tsakar gida, sannan yarinyar ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa kamar tsohuwa.

"Ya isa, Malam. Ni ban yi kutse ba. Kirana aka yi."

Malam ya tambaye ta wa ya kira ta. Hannun Fiddausi ya ɗago a hankali ya nuna Larai.

Muryar da ke fita daga bakin yarinyar ta ce ita aljana ce, a tsamiyar wani gida take zaune a can arewa. Da aka kama 'yar gidan aka kora ta kudu a ɗaure, sai ta bi ta, wata da watanni a ƙafa. A bakin teku aka sa yarinyar a jirgi, ita kuwa ba ta ƙetare ruwan gishiri. Nan ta zauna. Mutane sun zo sun wuce da harsuna iri-iri, ba wanda ya taɓa ce mata ta taso a tafi gida sai matar nan. "Na biyo ta. To ina gidan? Nan ba gida ba ne."

Larai ta sunkuyar da kai. A Agege aka haife ta, a nan aka haifi ubanta, kakanta soja ne da ya zo tare da Turawa. Ko sunan ƙauyensu ba ta sani ba.

Malam ya gargaɗi mutane cewa aljani yakan haɗa gaskiya da ƙarya, sannan ya ce wa aljanar ta fita don Allah. Ta ce ƙafafun yarinyar take so su kai ta, in sun isa za ta sake ta. Malam ya ce ko taku ɗaya ba za a ba ta ba, ya koma karatu. Jikin Fiddausi ya yi ta karkarwa, yashi na zuba a kwano kamar ana sheƙa shi da tire.

"Wadda ba a kira sunanta ba ai ba ta da mai ita," in ji muryar a gajiye. "Uwar ta kira ta da sunanta. In ta amsa, na bar ta. Amma a yi mini rakiya, ni baƙuwa ce."

Larai ta dubi surukarta, ta dubi mijinta. Harshenta ya yi nauyi kamar sarƙar nan ta Badagry. Kira na farko ko ita ba ta ji shi ba. A na biyu muryar ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Larai ta durƙusa, ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu.

"Fiddausi. Fiddausi tawa, ni ce uwarki."

Idanun suka lumshe, suka buɗe. "Na'am, Mama."

Da aka idar da sallar magariba, Malam da Misbahu suka tsaya daga nesa, Larai ta taka wa baƙuwar har bakin layin dogo tana jin sanyi a kafaɗarta ta hagu. Ta nuna arewa ta ce ga hanya nan, Allah Ya kiyaye. Sanyin ya ɗauke. Ruwan durom ya dawo daɗinsa, Fiddausi ta koma makaranta ba ta tuna komai.

Sai da damina ta zagayo. Wata magariba Larai ta je rufe ƙofar gida, ta tarar da ɗan tarin yashi a dokin ƙofa, daga waje. Wannan ja ne, busasshe, yashin wata ƙasa mai nisa. Ta gane baƙuwar ce ta dawo, ba ta sami tsamiyar ba, ba ta sami garin ba. Ta daɗe tsaye, tausayi na cin ta, amma ba ta ce a shigo ba. Ta yi bisimilla ta sa sakata, ta juya ta kira Umaima sau uku, ta kira Fiddausi sau uku, ba ta bar wurin ba sai da kowacce ta amsa.