Motar da Ta Sha Iska

Rana ta faɗa bayan gonakin shinkafa, ana kiran magariba, Yakaka tana tsugune tana kwashe tuwo, sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ba ƙarar dutse ba ce, abu ne mai laushi da nauyi. Da ta duba, curin baƙar laka ne, jiƙe sharkaf, yana warin kogi. Ga shi kuwa rabonsu da ruwan sama an kwana biyu.

Tun ranar da shanun huɗa suka jawo motar mijinta Tukur suka ajiye a ƙofar gida, haka kowane almuru yake zuwar musu. Laka ta faɗo, sannan a ji tari daga cikin motar, irin tarin wanda ya ƙware da ruwa.

Motar nan ita ce abincinsu, da ita Tukur yake jigilar mutane tsakanin Haɗejiya da ƙauyukan fadama. Gab da damina wani bakanike ya cire mata akwatin iskarta na asali da ke can sama, ya sa mata wani bututu mai ƙyalli wanda bakinsa ya sauko ƙasa, dab da taya. Ya ce a nan iska ta fi sanyi, in inji ya sha iska mai sanyi sai ya ƙara ƙarfi. Tukur ya dawo gida yana murna kamar ango. Da ruwa ya malale hanyar Baturiya, ya shiga mashigar da ya saba ƙetarewa, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Bututun ya zuƙi ruwa, injin ya yi tari ya ƙame.

A wannan yammacin abin ya wuce laka. Amatullahi, 'yarsu tilo, ta ɗauko buta za ta kai wa babanta, sai ta zube a tsakar gida tana kokawa da numfashi kamar wadda ruwa yake ci. Yakaka ta rungume ta, ta ji gashinta a jiƙe, jikinta sanyi ƙalau.

A asibiti an ce ƙirjinta lafiya lau. Amma kullum rana ta yi ja, sai numfashin ya sarƙe, kuma kullum yana daɗewa kafin ya dawo. Yarinya ta rame, uwa ta rame, Tukur ya daina haɗa ido da kowa.

Sai aka ɗauko Malam Bunu, wani dattijo Babarbare daga Birniwa. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a tabarma yana karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Inuwa ta yi tsawo, kaji suka shige akurki. Can sai Amatullahi ta tashi zaune, ta yi magana da muryar tsohuwa, muryar da ba fushi a cikinta sai gajiya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah? Me ya shigo da ke gidan mutane?"

"Ni ban shigo ba, zuƙo ni aka yi. Ina kwance a ruwana, sai ga wani baki a ƙasa yana shan duk abin da ya samu. Tambayi mai motar, me aka ce masa za ta riƙa sha?"

Tukur ya ce, "Iska."

"To, ta sha."



"Ita yarinyar me ta yi miki?" in ji Malam.

"Cikin ƙarfen nan ƙunci ne da warin mai. Numfashinta nake ara."

"Gobe bakanike zai zo," in ji Tukur. "Zai kwance fulogi ya fitar da ruwan. Ya ce injin zai gyaru. Sai ki kama hanyarki."

"In ruwan nan ya zuba a busasshiyar ƙasa na ƙare, kuma ba ni kaɗai zan ƙare ba. A mayar da motar inda aka ɗauko ni."

"Ki ji tsoron Allah," in ji Malam. "Motar ɗungurungum? Me za ki yi da kujeru?"

An daɗe ana ja, kamar cinikin saniya a kasuwar Kafin Hausa, shi yana karatu, ita tana nishi. A ƙarshe ta sauko: injin kaɗai, amma a rufe, kada sifana ta buɗe cikinsa. Malam ya juyo ya dubi Tukur, don ba shi zai yanke wannan ba.

Yakaka ta san babu halin sayen wani injin, bana ko baɗi. Ta dubi hannuwan mijinta, baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin faratansa. Ba ta roƙe shi ba, shi ma bai jira ta roƙa ba.

"Malam, a ba ta," in ji Tukur.

Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa ba za ta dawo ba. Ta rantse.

Da hantsi aka ciro injin, aka ɗora a amalanken shanu, Tukur yana biye da ƙafa har mashigar. Ya ce da suka tura shi cikin zurfi, kumfa ta daɗe tana tasowa, sannan ruwan ya kwanta.

Ya dawo gab da magariba, laka har cinya. Amatullahi ta sha kunu ta yi barci a ɗakin uwarta.

"Baban Amatu, ga ruwan wanka can," in ji Yakaka.

"Bari tukuna."

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya karkatar da kai, kamar yadda direba yake sauraron inji kafin ya hau hanya. Yakaka ta zo ta tsaya a gefensa, kafaɗarta tana taɓa tasa. Ladan ya kira salla, ya gama. A ciki numfashin yana shiga yana fita, bai sarƙe ba.