Warin Ɗakin Amarya

"Habibi, tsaya! Kar ka zauna tukuna. Ja numfashi, me ka ji?"

Habibullah ya tsaya a bakin ƙofar uwar ɗaka da jakar makaranta a kafaɗa. Ya ja iska.

"Turare na ji."

"Turare! A ƙarƙashin turaren fa?" Raudha ta yamutsa fuska, ta dire kaskon da ke hannunta. "Kasko na huɗu ke nan yau. Na wanke banɗaki sau biyu, na leƙa ƙarƙashin gado ko ɓera ne ya mutu. Wallahi I'm tired! Kamar an jiƙa tsumma an manta da shi a bokiti wata guda."

"Damina ce, Raudha. Zai wuce."

Kwanansu ashirin da aure. Duk wanda ya ga ɗakin nan a hoto sai ya yi sha'awarsa: takardar bango mai furanni ruwan gwal, kafet mai nutsar da ƙafa, ga sif mai ƙofa shida ta tare bango guda. Amma hoto ba ya ɗaukar wari. Ga shi turaren wutar bai kore shi ba, haɗuwa suka yi suka zama wani abu na uku mai hawa kai, wanda ke sa mutum ya ƙi abinci ko da yunwa ya shigo.

Abin haushin shi ne Habibullah ya san inda warin yake fitowa, ya sani sarai, ya yi gum.

Sashen da suke ciki na gidan kakansa ne a Fagge, tsohon gini. Shi malamin lissafi ne a sakandare, amma mutum ne da hannunsa ba ya zama. Kafin biki shi da kansa ya sake silin, ya gyara ƙofofi, ya yi wa falo fenti. Bango ɗaya ne ya ba shi wahala, na uwar ɗaka, saboda kwatar lungu ta bayansa take bi, ya sha danshi har filastar na zubowa kamar gari. Sai ya kankare shi tas har bulo ya fito, ya buɗe 'yar taga a sama, ya bar shi ya sha iska kafin ya sake shafe shi. Bango bai gama bushewa ba ranar jere ta zo.

Jere kuwa aikin matan dangin amarya ne. Ango ya miƙa mukulli ya ɓace, ba ya sake ganin ɗaki sai an kawo amarya. Shugabar masu jeren ita ce Gwaggo Gumsu, yayar mahaifin Raudha, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta. Mace ce mai son 'yarta, amma ta fi tsoron bakin mata a kan komai a duniya.

Ranar, Habibullah ya durƙusa a ƙofar gida, kai a ƙasa. "Gwaggo, dama bangon can na ciki..."

"Wane bango? Kai dai ba mu mukulli, rana na yi."

Ya miƙa. Shi ke nan maganar da ya yi! Gwaggo na shiga ta ga bulo tsirara ta tafa hannu. "'Yata ce za ta kwana tana kallon wannan kamar 'yar fursuna?" Nan take ta sa kafintan da ya zo haɗa gado ya lulluɓe bangon da leda, ya buga siririn katako, aka manna takardar bango a kai. Sif ɗin kuma aka tura ta ta toshe tagar ruf. Daren da aka kawo amarya Habibullah ya gani, amma ya ce a ransa ina shi ina kushe aikin surukai.

Ranar Asabar da hantsi Gwaggo ta yi sallama da ƙawayenta biyu, Hajiya Ikhlas da wata, ta kawo su ganin ɗaki. Tun daga tsakar gida ake jin muryarta.

"Ku shigo ku ga aiki! Sif ɗin nan sai da mutum shida suka ɗauko ta."

Suka shiga. Hajiya Ikhlas ta yi taku biyu ta tsaya cak, ta ja gefen mayafi ta toshe hanci.

"Amarya, an yi jiƙon wanki ne a ciki?"

Raudha ta sunkuyar da kai, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba, ta nufi sif ta janyo ƙofar ƙarshe don ta nuna atamfofin lefe da aka zaɓo ɗaya bayan ɗaya a Kantin Kwari. Ƙofar na buɗewa wani tururin wari ya bugo su. Atamfofin sun yi funfuna, baƙi da kore, sun manne da juna. Ta ɗaga ta sama, sai ga kyankyasai sun watso, ɗaya ya bi hannunta ya shige hannun riga.

"Wayyo Allah! Innalillahi! Ku cire min, ku cire min!"

Hajiya Ikhlas tuni ta kai tsakar gida tana kakarin amai a bakin rariya. Ɗayar ko sallama ba ta tsaya yi ba.

Gwaggo ta fito, ta ci karo da Habibullah da ya taso daga falo.

"Kai! A cikin wannan juji ka ajiye min 'ya? Tir! Dama an ce min gidan nan kufai ne, na ƙi ji. Raudha, ɗauko mayafinki."

"Gwaggo, don Allah..." in ji Raudha, hawaye ya ɓalle mata.

"Ɗauko na ce! Ba za ki sake taka gidan nan ba sai ya nemo muhalli na mutane. In ba zai iya ba, ya ba ki takardarki, ba a kanki aka fara ba."

Raudha ta kalli mijinta, tana jiran ya buɗe baki. Ya durƙusa, ya ce, "A yi haƙuri, Gwaggo." Bai ƙara ko harafi ba.

Kwana biyar ta yi a gidan mahaifinta Malam Sabo, ba ta ci sai an matsa mata. Gwaggo kuwa kullum da sabon zance, yau ta ji labarin wani fulat, gobe ta ce yaron nan ba shi da niyya. A rana ta shida Habibullah ya zo bayan la'asar, aka bar su su gaisa a zaure. Ya rame, idonsa ya faɗa. Nan ne, da ƙyar, kamar ana zare masa haƙori, ya ba ta labarin bangon tun daga farko.

Raudha ta ɗago kai ta dube shi.

"Kana nufin tun ranar farko ka sani?"

"Na sani."

"Ina ta ƙona turare kamar mahaukaciya, ina zargin kaina da ƙazanta, kana ce min damina ce? Seriously, Habibi?"

"Gwaggonki ce fa. Da wane baki zan ce aikinta ne ya ɓata ɗakin? A gaban ƙawayenta?"

"To gara a raba mu ke nan?" Ta miƙe tsaye. "Wallahi shirunka ya fi warin ɗakin nan tayar min da zuciya. Ni ba fulat na aura ba, kai na aura, ko ɗakin bulo ne zan zauna. Amma ba zan zauna da mutumin da zai ga aurensa na ruɓewa ya tsaya yana jin kunya ba. Baba na ciki. In kana so na, tashi ka shiga."

Ya tashi ya shiga. Me ya faɗa, ita ba ta ji ba, ta dai ga ya fito rigarsa sharkaf da gumi.

Malam Sabo ba mai yawan magana ba ne. Washegari ya ce wa yayarsa, "Yaya Gumsu, zo mu je mu ga gidan da idonmu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Su huɗu suka shiga ɗakin. Aka kwashe kaya, Habibullah da surukinsa suka ja sif ɗin da ƙyar. Bayanta ya ruɓe, hannu na taɓawa yake burmawa. Habibullah ya kama gefen takardar bangon ya ja, ta taho da katakon gaba ɗaya kamar jiƙaƙƙen burodi. A bayan ledar ruwa ne baƙi ƙirin ya taru yana tsiyaya, ga yauƙi, ga ƙwayayen kyankyasai jere reras. Malam Sabo ya tofar da yawu ta ƙofa, ya ɗaga kai.

"Ashe akwai taga a nan. Wa ya toshe ta?"

Gwaggo ta kafa wa ledar ido, leɓenta na motsi. Ta gane ta, ita ta aika aka sayo.

Habibullah ya durƙusa. "Baba, Gwaggo ta rufe bangon ne don ba ta san jiƙaƙƙe ba ne. Ni na sani, ban faɗa mata ba. Da na yi bayani ranar jere, da duk haka ba ta faru ba. Laifin nawa ne."

"Naka ne, rabi," in ji Malam Sabo. Bai faɗi mai ɗaya rabin ba. "Raudha, ki zauna a ɗakinki."

Gwaggo ta ja mayafi ta fita, ko waiwaye ba ta yi ba.

Suka koma kwana a falo, aiki ya tashi. Asabar suka shiga Kasuwar Sabon Gari, shagon Madam Philomena mai sayar da fenti, wadda Habibullah ya saba sayayya a wurinta. Ya nuna mata hoton bangon a waya, ta kama haɓa.

"Chineke! Wane ne ya sa leda? Bango yana numfashi kamar mutum, Malam. Ka rufe masa hanci, dole ya ruɓe." Ta juya ga Raudha. "Amarya, kar ka yarda ya yi fenti yanzu. Ku gyara kwata na baya tukuna, ku wanke bango, ku bari ya bushe sosai. Ni ina so na sayar da fenti, amma ba yau ba."

Ta haɗa su da garin da ake zubawa a siminti don ya hana ruwa ratsawa, da buroshin ƙarfe biyu, da abin kankara.

Aikin ba shi da daɗin gani ko kaɗan. Habibullah ya naɗe wando ya shiga lungu, ya yashe kwatar, abin da ya fito daga cikinta ba ya faɗuwa a gaban mai cin abinci. Ya shafe gindin bangon da siminti ta waje. Raudha ta ɗaure hanci da ɗankwali tana gurzar bulo, baƙin ruwa na gangaro mata har gwiwar hannu. Lallen amarcinta ya goge, farcenta biyu suka karye. Sau biyu tana fita ta yi amai ta dawo. Wani lokacin ta harare shi ta ce, "Turare ka ji, ko?" Shi kuma ya ce, "Na tuba, ranki ya daɗe," su yi dariya hanci a toshe.

Sati biyu Gwaggo ba ta zo ba, ba ta ɗaga waya ba. Wannan ya fi aikin ci wa Raudha rai, don duk abin da aka yi, matar nan ita ta goya ta.

Ranar Lahadi da safe suna gurzar kusurwar ƙarshe sai suka ji sallama. Gwaggo ce, ita kaɗai, da kwanon ɗanwake a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bangon. Ya fara yin fari, iska na shigowa ta taga, ba kasko ko ɗaya a ɗakin, kuma ba abin da ke tashi sai ƙamshin sabulu. Ta kalli hannun Raudha da ya yi kanta.

"Sannu da zuwa, Gwaggo," in ji Habibullah, ya durƙusa. "Bari a kawo kujera. Amma kar ki jingina da bangon, bai gama bushewa ba."

"Yau ka iya magana," in ji ta. Ta ajiye kwanon. Ta zare awarwaronta ɗaya bayan ɗaya ta ɗaure a gefen zani, ta naɗe hannun riga. "Ba zama na zo yi ba. Miƙo min buroshin nan, 'yar nan, je ki ci abinci. Ni na rufe shi, ai da ni za a gama buɗe shi."

Raudha ta faɗa jikinta da kuka, da baƙin ruwan da komai. Gwaggo ba ta ture ta ba.

Sai da kaka ta shigo suka yi filasta, suka shafa fenti ruwan madara da hannunsu, Gwaggo na zaune a tsakar gida tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Mahaƙurci mawadaci, Raudha ta samu ɗakinta, ta samu mijinta, ba ta rasa uwarta ba.

'Yan'uwa, kunya ado ce, amma kunyar da za ta hana ka faɗin gaskiya har gida ya ruɓe ba ladabi ba ce, cuta ce. Kuma duk ɓarnar da aka lulluɓe don gudun bakin mutane tana nan tana aiki a ɓoye, ranar da za ta fito a gaban mutanen za ta fito. Allah Ya ba mu ikon gyara tun abu bai yi wari ba, amin.