Jan Tauraron Gidan Tak

"Dallae, me kike yi da wuƙa a bayan dutse?"

Muryar Seri ce, shugabar ƙungiyarmu ta masu kwashe shara a bakin teku duk ranar Lahadi. Ina tsugunne, farar gorar soso tsakanin gwiwoyina, na kankare rabin jan tauraron da ke jikinta.

Kafin in miƙe, wayarta ta ɗauki hoto.

"Yaya Seri, na roƙe ki..."

"Au, yau na zama yaya?" Ta yi murmushi. "Da ma ina mamaki. Gorar kowa na shiga buhu da alamarta, ban da ta gidan Tak. Ashe aljanar da ke goge musu tana cikinmu."

A tsibirinmu kowane gidan masu kiwon kawa, ɗan naman teku mai ɓawo, da alamar da yake shafa wa gorunan da ke riƙe igiyoyinsa a kan ruwa. Guguwa na tsinke su, su zube a gaɓa, su marmashe kamar gari, kifi ya ci, mu ci kifin. Ƙungiyar masunta ta gaji, ta ce gidan da aka sake tsintar gorunansa barkatai, a karɓe ruwan kiwonsa. Na gidan Tak kuwa sun tsufa tukuf. Uban na kwance da shanyewar ɓarin jiki, ɗansa Gyu-won kaɗai ke fama, sababbin goruna kuma sai mai hali.

Ni kuwa Gyu-won nake so. So mai zafi, wanda ya mai da ni ɓarauniyar shara.

"Kada ki kai wa ƙungiyar masunta," na ce. "Ruwan nan ne abincin babansa."

"Haba, ni zan cuci Gyu-won?" Tun muna makaranta take binsa da ido, shi ko bai san tana yi ba. "Ummanki zan nuna wa."



Ummata mai nutso ce, da numfashi ɗaya take sauka ƙasan teku ta ciro abin da muke ci. Bara wata tsinkakkiyar igiya ta naɗe mata hannu a ƙarƙashin ruwa. Da wuƙar nan da ke hannuna ta yanke ta, ta fito da rai, yatsu biyu suka tafi. A jikin igiyar akwai guntun gora mai jan tauraro. Ba ta kai ƙara ba don tausayin tsohon, amma ta ce kada sunan gidan ya sake shiga ɗakinta. Gyu-won bai taɓa sani ba.

Da Seri ta juya, taurin kai ya sa na ƙarasa kankare gorar, na kai ta gida na tura ƙarƙashin gado. Sati guda ina satar kallon fuskar Umma, ba ta ce uffan ba. Har na fara cewa ko Seri ta ji tausayina. Wauta.

Lahadi ta zagayo. Gyu-won ya iso da tsohuwar motarsa da yake kwashe mana buhuna, ya cusa min gasasshen dankali a aljihu.

"Gimbiyar buhu, kin ci abinci?"

"Ban ci ba."

"Shi ya sa iska ke neman ɗauke min ke. Ci, zuciyata, kafin ya huce."

Dariyar ba ta gama fitowa ba na hango Umma. Baƙaƙen kayan nutsonta na ɗigar ruwa, Seri na biye da ita.

"Ba ni wuƙata," ta ce.

Na miƙa mata, kaina a ƙasa.

Ba ta ko dube ni ba. Ta zare safar hannunta, ta ɗaga hannun a gaban fuskar Gyu-won.

"Ɗan gidan Tak, ƙirga."

"Umma..." na ce.

"Rufe min baki. Igiyarku ce, yaro. Na yi shiru don ubanka na kwance. Ita kuma 'yar da na haifa ta ɗauki wuƙar da ta cece ni, tana goge muku suna da ita."

Na ga jini ya bar fuskarsa. Ya dube ni, na kasa haɗa ido da shi. Sai ya durƙusa, ya kai goshinsa kan yashi a gaban ƙafafunta, ya daɗe bai ɗago ba.

Ya miƙe. Ya bi gaɓar yana tsintar gorunansa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda na taɓa kankarewa na ɓoye a tsakanin duwatsu. Mai abu ya san abinsa. Ya loda su a mota, ya juya kanta wajen ofishin ƙungiyar masunta.

Na ruga na riƙe ƙofar.

"Yaya, za su karɓe ruwan!"

"Na sani."

"To babanka fa? Ni fa?"

Ya ɗora hannunsa a kan nawa, yana ɓamɓare yatsuna a hankali.

"Dallae... ta yaya zan zauna a gidanku, ta zuba min shinkafa da hannun nan?"

Wa zan zaga? Umma da yatsunta? Shi da gaskiyarsa? Hatta Seri ta yi tsaye baki sake, don ba haka ta shirya ba. Ta so raba shi da ni, ta raba shi da tsibirin gaba ɗaya.

Suka karɓe ruwan. Kafin sanyi ya shigo ya ɗauki babansa suka koma birnin Busan, wai ya samu aikin walda a wajen ƙera jiragen ruwa. Ranar tafiyar na tsaya a tashar jirgin ruwa, Umma ba ta hana ni ba. Bai ɗaga min hannu ba, rusunawa ya yi daga saman jirgin, irin wadda ake yi wa baƙo. Na yi kuka har muryata ta dushe.

Har yau ina fita ranar Lahadi. Kowa na murna, wai gaɓarmu ta fara haske. Ni kuwa duk gorar da na ɗauka sai na juya ta gaba da baya, ko zan ga ɗigon jan fenti. Babu. Ya kwashe su tas.

Guda ɗaya ta rage min, ta ƙarƙashin gado. Nakan jawo ta in rungume, in shafa gurbin.

Fara ce fes. Ni da hannuna na kankare tauraron.