Saura Kira Ɗaya

La'asar ta yi sakaliya lokacin da Kubura ta ɗaure kwanon ƙuli-ƙulinta a kasuwar Kankiya. Tun safe gwiwoyinta ke ciwo. Shekara talatin tana cin wannan kasuwa ba a taɓa yi mata wayo a ciniki ba, har mahauta in suka hango ta sai su ce ga mai hana riba nan tafe. Amma ranar ko muryar musu ba ta da ita. Ta gaji.

Shekara uku ke nan da rasuwar mijinta, Malam Shehu. Gona ita, gida ita, katangar da daminar bara ta kayar ita. Ga bazara ta kama, kowa na sharar gona, tata tana nan da kututture. Ɗanta namiji ɗaya ne, Ɗalha, shi kuwa shekararsa shida da bin hanyar Agadas. Ko ta'aziyyar ubansa a waya ya yi ta.

Ɗalha ɗan fari ne, saboda haka tun ranar suna sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "mijin Adawiyya". A hannun kakarsa ya tashi, shi ya sa yake ce wa Kubura Yaya. In ya aiko saƙon murya a wayar matarsa, Kubura ba ta zama ta saurara kamar marar kunya. Sai ta juya baya tana ɓarar gyaɗa, ta tsinci abin da ta tsinta, kafin saƙon ya kai rabi ta tashi ta shige madafi.

A haka ta tsinci cewa ƙasar da yake sunanta Malta, 'yar ƙarama, tsawonta bai kai daga Kankiya zuwa Katsina ba. Gidajensu na dutse ne mai launin man shanu. Mutanen Nasara ne, amma Alla suke kiran Ubangiji, ƙirgarsu ma kamar ta Larabawa, don Larabawa sun taɓa mulkarsu. Turawa na zuwa daga ko'ina kallon wani tsohon birni mai ganuwa wanda ba a hayaniya a cikinsa, nan Ɗalha yake wanke kwanuka a gidan abinci. Ya ce sunan birnin Imdina.

Kunnen Kubura Madina ya ji.

"Inna, ba fa waccan Madinar ba ce," in ji Adawiyya.

"Ke, Madina biyu ce? Rufe mani baki."

Daga nan babu gidan biki ko na suna a garinsu Kusada da bai ji cewa mijin Adawiyya yana Madina ba.

Ranar nan, tana fita ta wajen 'yan tukwane, sai ta ga wani tsoho zaune shi kaɗai a bakin kasuwa. Ɗan tulu guda ne a gabansa, baƙi, bai fi kan jinjiri ba.

"Mai ƙuli, kin gaji," ya ce a hankali.

"Wa ya aike ka?"

"Ɗanki ya daɗe. Ba ki son ya dawo ya kama maki gonar?"

Ta tsaya. Ta san kiranye, tun tana yarinya take jin labarinsa. Ana kiran sunan wanda ya yi nisa, duk abin da ke hannunsa ya yar, ya fuskanci gida, ba ya karkata dama ko hagu sai ya iso.

"Har daga Madina?"

"Daga duk inda yake."

Ta tuna kakanta da ya je Makka a ƙafa ya dawo a ƙafa. Hanya dai akwai ta ke nan.

Tsohon ya ce ta nemi inda ruwa ya taɓa wucewa, bayan faɗuwar rana kafin a kira salla, ta kafa baki a tulun ta kira sunan yaron na yanka sau uku.

"Nawa?"

"Taya."

Ta taya da ƙuli biyar, don dai a buɗe ciniki. Ta gyara tsayuwa tana jiran ya ce albarka, kamar yadda kowane mai kaya ke cewa in tayi bai yi masa ba.

"Na sallama," in ji shi.

Abin bai yi mata daɗi ba. A iya saninta ba a sallama kaya a tayin farko. Amma gwiwa na ciwo, rana na tafiya. Ta tura tulun cikin kwano ta rufe da zane.

Manu mai acaɓa ne ya ɗauko ta. Sun bar kwalta, sun kama hanyar ƙasa, gonaki fayau hagu da dama, ana jin ƙaurin tokar sharar gona. Da suka zo wani kwalbati da ke kan busasshen rafi, saura kaɗan a hango Kusada, ta taɓa kafaɗarsa.

"Sauke ni nan."

"Nan kuma, Inna Kubura? Magariba fa ta kawo kai."

"Kai ka haife ni? Tafi abinka."

Ya tafi yana waige. Ƙarar mashin ta yi nisa, ta ɓace.

Ta gangara cikin rafin tana dafa gwiwa. Yashi ne zalla, da sauran zafin rana a jikinsa, ga sawun shanu ya bushe. Rana ta faɗa bayan wata kuka. Tsuntsayen da ke hayaniya a kanta suka yi tsit gaba ɗaya.

Ta durƙusa, ta ciro tulun, ta kafa baki.

Sunan ya ƙi fita.

Shekara talatin da biyu tana kewaye shi. Harshenta bai san hanyarsa ba. Ta waiga ko akwai mai jinta, ta ji kunya kamar an kama ta tana wanka. Sai ta tuna katangar nan, da gonar nan, da fartanyar Malam da ta yi tsatsa a bayan ƙyaure.

"Ɗalha," ta ce, cikin raɗa.

Tulun ya yi sanyi a hannunta.

Wani wari ya taso, na ɗanyen kifi da gishiri. Ba irin na kifin dam ba. Iska mai laima ta bugi fuskarta, a tsakiyar bazara.

A cikin tulun wani abu ya ce shuuu. Ya ja da baya. Ya sake cewa shuuu.

Ta ce a ranta aiki ne ya fara ci. Ta rufe ido.

"Ɗalha."

Wannan karon ya fita da sauƙi. Sauƙin ne ya ba ta tsoro.

Ƙafafunta suka jiƙe.

Ta buɗe ido. Ruwa ne ke tsattsafowa daga yashin, mai sanyi, da kumfa. Ya shanye silifas ɗinta. Ya kai idon sawu.

Ta leƙa tulun.

Akwai haske a ciki. Ta ga wani lungu, gidajen dutse masu launin man shanu. Ta ga mutum yana tafiya ba takalmi, da cokali a hannu, kamar daga kan abinci ya tashi. Ya saki cokalin. Tafiyar Malam Shehu ce sak, kafaɗa ɗaya a karkace.

Idonsa a buɗe, amma ba ya kallon komai.

Lungun ya ƙare a wata matakala. A ƙasan matakalar ruwa ne. Ga ƙananan jirage masu fentin shuɗi da rawaya, kowanne an zana masa ido biyu a goshi. Bayansu ruwa. Bayan ruwan, ruwa. Ta nemi ɗaya gaɓar har inda idonta ya tsaya, babu.

Ya taka matakalar farko.

Sai wata magana ta faɗo mata, wadda ta taɓa ji a saƙon Ɗalha daga madafi, man gyaɗa na ƙara a kasko: ruwa ya kewaye ƙasar nan ta ko'ina, Adawiyya, ba a fita sai ta jirgi.

"Saura ɗaya."

A bayanta aka faɗa. Dab da kunnenta.

Ba ta waiga ba. A cikin ruwan da ke ƙafarta ta ga inuwar tsohon. Ta yi tsawon da ba na mutum ba. Ruwa na ɗiga daga gemunsa, ɗis, ɗis.

"Wannan ba Madina ba ce," ta ce.

"Ni ban ce ita ce ba. Ke kika ce."

"Ta ina zai bi?"

"Ta inda ya miƙe."

"Zai iso?"

"Wani abu zai iso."

A cikin tulun ruwa ya kai wa Ɗalha gwiwa. Nata ma ya kai gwiwa.

"Ƙarasa, mai ƙuli. Gobe war haka katangarki ta tashi. Gonarki ta sha huɗa. Ki miƙe ƙafa ki huta. Ba hutu kike so ba?"

Hutu take so. Wallahi shi take so. Sunan yana kan harshenta, ya yi nauyi, yana neman zamewa da kansa.

Ruwa ya kai masa ƙugu.

Sai muryar ta canza. Ta zama ta Ɗalha, har da 'yar sarƙewar harshen da yake yi.

"Inna, ki kira ni. Inna, faɗi sunana in zo."

Kubura ta daskare.

Bai taɓa ce mata Inna ba. Kuma yaron da ko ido ba ya haɗawa da ita, shi ne zai ce ta faɗi sunansa?

Nan kanta ya waye. Wanda ya sallama a tayin farko, ga shi yana ƙara tayi, yana roƙo, yana canza murya. Ashe ba tulu ya sayar mata ba. Shi ne mai saye. Kayan kuwa a bakinta suke.

Ruwa ya kai masa ƙirji.

Ta miƙe tsaye. Gwiwoyin suka yi ƙara. Ta tattaro muryar nan da mahautan Kankiya suka sani.

"Albarka!"

"Na ƙara maki da..."

"Na ce albarka! Ba na sayarwa ba ne!"

Wani hannu mai sanyi, mai santsi kamar tarwaɗa, ya kama wuyan ƙafarta.

Ta ɗaga tulun ta maka shi da bangon kwalbati.

Ƙarar da ta fito ba ta tukunya ba ce. Ruwa ya watso mata a fuska, ya shiga bakinta, gishiri zalla. Ta fizge ƙafa tana a'uzubillahi, ta kama gangaren da hannu da gwiwa. Kwano ya tafi. Takalmi ya tafi.

Can daga Kusada ladan ya ɗaga murya.

Ta kai kan hanya ta faɗi. Da ta waiga, rafin yashi ne busasshe, da sawun shanu. Amma daga ƙarƙashin kwalbatin aka ce, a hankali, ba fushi:

"Saura ɗaya. Ba na sauri."

Manu ne ya tsince ta. Ya ce hankalinsa ne bai kwanta ba ya juyo. Ya kai ta gida zanenta sharkaf, a garin da rabonsa da ruwan sama wata shida. Da zanen ya bushe sai ya yi fari, ya ƙage. Adawiyya ta lasa, ta tofar.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo. Adawiyya ta kunna. Kubura tana zaune da farantin gyaɗa, bayanta a juye.

Ɗalha ya ce a garin masunta yake kwana, a bakin teku, sai da safe ya hau mota zuwa Imdina. Jiya da magariba yana cin abinci, bai san yadda aka yi ba, sai farkawa ya yi ruwa ya kai masa wuya, wani tsohon masunci na jan rigarsa yana salati da yarensu, Alla, Alla.

Ana jin numfashinsa.

"Adawiyya, muryar Yaya na ji. Sau biyu ta kira ni. Da sunana. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai jiya. Wallahi da ta ƙara, da ko mutum goma ba su riƙe ni."

Kubura ta ajiye farantin. Ta juyo ta fuskanci wayar, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mayar da shi farko," ta ce. "Da na baya ma, duk. Ina son in ji har ƙarshe."

Ta ji na ganuwa, da na yaƙin da aka yi da Turkawa a kan tsibirin, da na ramukan ƙarƙashin ƙasa inda mutanen zamanin da can suka binne matattunsu, da na idon da masunta ke zana wa jirage don tsari. Da aka gama ta ce, "Ki ce mashi ya zauna inda yake. In zai zo, ya zo ta sama, da tikiti, da hankalinshi a jikinshi."

Daminar nan rabin gonar ta noma, rabin ta bar wa ciyawa. Katanga tana nan da zana. In mata suka tambaye ta labarin na Madina, sai ta ce, "Malta. Tsibiri ne," ta ci gaba da auna ƙuli.

Bayan wata biyu maƙwabciyarta Zuliha ta haifi namiji, aka raɗa masa Ɗalha. Kubura ta aika da sabulu da turmin atamfa, amma ba ta taka gidan ba, kuma har yau ba ta taɓa ɗaukar yaron ba.

Kuma Adawiyya ta ce tun daga ranar, Inna ba ta kwanciya, ko da gyangyaɗin azahar ne, sai ta ɗaure bakinta da ɗankwali, ta ƙulle shi tam a ƙeya. Mutum yakan yi magana cikin barci.