Injin da Ya Daina Shan Gas

Ku matso nan. Wanda ya san shi mai fitsarin kwance ne, ya tashi tun yanzu.

Can cikin daji akwai wata tasha inda ake matse iskar gas a tura ta cikin bututu. Wani ƙaton inji ne ke juya na'urar matsewar, tabain suke ce masa, shi ma gas ɗin yake sha. Aikin Injiniya Sabi'u shi ne ƙiyasta abin da injin zai sha. Ya ɗauki ƙarfinsa, ya ninka da awoyin da ya yi yana gudu, ya ɗan ƙara wani abu idan gari ya yi zafi. Ya iya aikinsa, wannan ba ƙarya. Girman kai ne ya yi masa yawa.

Satinsa biyu a wurin ya lura kullum sai mitar gas ta wuce ƙiyasinsa da ɗan kaɗan. Abin ya tsaya masa a rai. Ya bi layin bututun har bayan katanga, ya tarar da wani siririn bututu, 'yar wuta shuɗiya na ci a bakinsa, ba hayaƙi.

Baba Jatau, tsohon da ke kula da injin, ya ce, "Ranka ya daɗe, bar ta. Ta masu wurin ce. A nan muka tarar da su."

"Su wane ne masu wurin? Suna cikin takardata?"

Sabi'u ya murɗe bawul, makunnin bututun, da hannunsa, wutar ta mutu. Baba Jatau ya naɗe tabarmarsa ya bar tashar, ko sallama bai yi ba.

Bayan kwana uku, rana tsaka, Sabi'u na tsaye gefen injin, kunnuwansa a toshe. A wannan ƙarar ko ihu ka yi ba mai ji. Sai ya ji sallama, a hankali, kamar daga cikin ƙashin kansa. Wata mata ce da goyo. Goyon ba ya motsi.

Ta ce, "Nawa injinka ke sha a awa ɗaya?"

Bakinsa ya faɗa mata kafin ya yi tunani.

"Ɗana ɗan kaɗan yake sha. Da wutar nan nake ɗumama shi. Jiya ya yi sanyi." Duk maganar nan leɓɓanta ba su motsa ba. "Ka huta. Injinka ba zai ƙara taɓa gas ɗinku ba."

Washegari mita ta tsaya cak. Aka sa sabuwa, ita ma ta ƙi motsi. Ya rufe gas ɗin gaba ɗaya, injin ko tari bai yi ba.

Sabi'u ya san inji ba ya gudu a banza, dole akwai abin da yake sha. Sai ya ga wandonsa na zamewa. Ya ci malmala huɗu ya tashi da yunwa. Hannuwansa sanyi ƙalau, ga shi bazara ce. Ya hau sikeli da safe, ya hau da yamma, sannan ya zauna ya raba abin da ya rage a jikinsa da abin da ke tafiya kullum. Kwana goma sha ɗaya. Ya sake lissafin sau uku yana kuka, bai sami kuskure ba.

Da rarrafe ya je bayan katanga, ya buɗe bawul. Ya ƙyasta ashana har kwalin ya ƙare, wuta ta ƙi kamawa.

Muryar ta ce, "Wa zan ɗumama?"

Baba Jatau ne ya dawo ya ɗora shi a amalanken shanu. Ya hana a sa shi a mota. Sai da suka yi nisa sosai ƙarar injin ta ɗauke.

Sabi'u yana nan da rai, a wani ƙauye da ko injin niƙa babu, lulluɓe da bargo rani da damina. In babur ya wuce ƙofar gidansu, sai Sabi'u ya zube.

Matar kuwa ba ta huce ba. Kada ɗayanku ya bi hanyar bututun nan shi kaɗai da rana tsaka. In kuma mai goyo ta tambaye ku wani abu a can, kada ku amsa.