Sunan da Balkissa Ta Ƙi Faɗa

Wata Juma'a da la'asar Nu'uman ya dawo gidansu a Riyad, ya tarar da wata yarinya zaune a matakalar bene, fulas ɗin kunu a cinyarta. A ciki mata ne ke taro, 'yan Zumunta, tsohuwar ƙungiyar matan Hausawan garin, masu jinyar marasa lafiya da wankan gawa. Mahaifiyarsa Hajiya Azumi ce shugaba.

"Baiwar Allah, ba za ki shiga ba?"

"Ba a ɗauke ni ba tukuna," ta ce, idonta a ƙasa. "Sau biyu ina nema."

"Kuma kike kawo musu kunu?"

"Ai suna sha. Har ƙari suke nema."

Ya yi dariya, ita kuma ta rufe fuska da mayafi. Sunanta Balkissa, 'yar Maraɗi ce, tana aikatau a gidan wasu Larabawa. Kafin wata uku ya koma kiranta Kunun Zaƙi, ita kuma tana ce masa Direbana, don tuƙi ne sana'arsa.

Da Hajiya ta ji labari, ta ɓata rai.

"Yarinyar da ta zo jiya? Wa ya san gidansu? Irinsu ba sa jure komai, za ka gani."

Sai ta ba Balkissa aikin da kowa ke gudu: jinyar wata tsohuwa a unguwar Al-Sulay, wadda ƙafafunta suka shanye, iƙamarta kuma, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta ƙare. Dokar ƙungiya ita ce ba a faɗin wadda ake yi wa jinya ko inda take, ko ga miji, don kada maganar ta kai kunnen hukuma.

Duk Talata Hamissou, maƙwabcin tsohuwar, yake zuwa ɗaukar Balkissa a tasinsa. Shi kuwa ya taɓa neman aurenta. Wata rana Nu'uman ya hango su a hanya, ya tura mata saƙo.

"Na gan ki a motar Hamissou. Ina kuka je?"

"Direbana, ba zan iya faɗa ba. Amana ce."

"Har ni?"

"Har kai. Wallahi ba abin da ke zuciyata sai kai, amma ba zan faɗa ba."

"To idan ba ki faɗa ba, ki manta da ni."

Ta daɗe tana kallon wayar, hawaye na ɗiga a kan gilashin, sannan ta rubuta:

"Allah Ya ba ka wadda ta fi ni. Ni dai na yi alkawari."

Talatar da ta biyo baya ta sake tafiya Al-Sulay, ta wanke tsohuwar, ta yi mata kitso.

Bayan sati biyu Nu'uman ya miƙa wa mahaifiyarsa wayar.

"Kin yi gaskiya, Umma. Karanta ki gani."

Hajiya ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe, ta sake komawa farko. 

"Ni na aike ta," ta ce a hankali. "Na zaci za ta tona don ta riƙe ka. Shekara talatin ina shugabanci, ban san ko ni zan iya abin da ta yi ba."

"Wurin wa kika aike ta?"

"Kai, tashi daga nan. Ita ba ta faɗa ba, ni ce zan faɗa? Je ka ba ta haƙuri."

Ya tafi. Sai da ya kwana uku yana lallashi kafin ta amsa masa da kalma biyu: "Na yafe."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, da izinin mahaifinta daga Maraɗi. A satin ne kuma aka rubuta sunanta cikin 'yan Zumunta. Hajiya da kanta ta riƙo hannun amarya har ɗakinta.

"Yau na samu suruka, na samu 'yar'uwa. Allah Ya yi muku albarka, Ya rufa muku asiri kamar yadda kika rufa na wata."

Matan da suka cika ɗakin suka amsa da amin.