Rediyon Falon Inna

Ƙawata, matso kusa. Wannan ba a littafi na karanta shi ba, a kan wata baiwar Allah ya faru, wadda kowa ke kira Auta.

A ɗakin wanki na asibiti take aiki. Wuni take a tsaye kan zannuwan marasa lafiya, ta dawo gida ta tarar da wani wankin, don mahaifiyarta Inna shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, ba tafiya, magana ma sai da ƙyar. A falo take wuni ita kaɗai, sai maƙwabciya da ke leƙowa da azahar ta ba ta abinci ta juya ta.

Akwai tsohon rediyon marigayi babansu, mai manyan lasifika biyu. Yayan Auta ya ce a riƙa sa wa Inna waƙoƙin zamaninta su ɗebe mata kewa. Da farko igiya ya sayo, a soka a waya, a soka a bayan rediyo.

Auta ta ce, "To Yaya, in na bar wayar a gida, da me zan tafi aiki? Da takalmi zan kira ka?"

Ya kawo na bulutut, wanda ke haɗawa da waya ba igiya. Ba ta kai bakin ƙofa ba waƙar ta yanke. A ƙarshe ya haɗa rediyon da intanet ɗin gidan ta wani ɗan akwati, ya yi mata rajistar manhajar waƙoƙi da ake biya wata-wata. Daga wurin aiki sai ta taɓa wayarta, falo ya ɗauka. Kullum kafin magariba takan kashe daga can.

Ran nan ta tashi daga aiki a makare, ta biya kantin magani. Tana layi, ƙafafunta na zugi, aka kira sallar magariba. Ta ciro waya ta kashe waƙar.

Waƙar ta kunna kanta.

Ta sake kashewa, ta sake tashi, ƙarar ma tana hawa. Ta nemo karatun Alƙur'ani ta danna, wayar ta ƙi amsawa. Inna kuwa ko cokali ba ta iya riƙewa.

Ta bar maganin ta nufi gida.

Ƙofa na rufe. Tana buɗewa wani wari ya tarbe ta, kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙaurin gashi. Ta yi sallama. Ba haske a falon sai koren idon rediyo. Katifun kujerun duk sun lotsa, irin lotsawar da suke yi in mutum na zaune. A ƙarƙashin kiɗan ana tafi, a hankali, hannaye da yawa.

Ta miƙa hannu wajen soket.

"Auta." Muryar Inna ce daga kan gado, can ƙasa. "Kar ki zare."

"Inna, su waye?"

"Baƙi. Sun saba. In kin kashe, ni suke sawa in yi musu. Na gaji, 'yar nan."

Sai a lokacin ta gane dalilin da kullum take tarar da muryar Inna a dishe.

Ta durƙusa ta juya mata baya, ta jawo hannunta mai rai ta ɗora a kafaɗa, ta goya ta da zani kamar jaririya. Tana Ayatul Kursiyyu a zuci.

Sun kai tsakiyar falo intanet ya tsaya.

Waƙar ta yanke.

Tafin ma ya tsaya.

Kujera ta yi ƙara, kamar an tashi. Wata ma ta yi. Sanyi ya sauka a wuyan Auta.

Bakin Inna ya buɗe a kunnenta. Ta ɗauki waƙar daga inda ta yanke, tar, ba karkacewar harshe, hawayenta na zuba a kafaɗar 'yarta.

Aka kama bakin zanin goyon.

Auta ta ɗaga murya da ayar. Ta ja. Zanin ya yage.

Rediyon ya dawo.

Aka saki.

Ba ta waiwaya ba sai a gidan Yaya.

Can suke har yanzu, a ɗan ɗaki ɗaya. Muryar Inna ta washe, tana barci. Auta kuwa ba ta saki tsohon gidan ba, ba ta bari wuta ko intanet ɗinsa su ƙare, balle rajistar waƙar. Ƙarin aiki ta ɗauka saboda haka, ta rame, in an tambaye ta sai ta ce gajiya ce. Ta ce mini muddin rediyon na yi, suna zaune a can, ba su da dalilin fitowa neman mai yi musu waƙa.

Don Allah, ƙawata, ya tsaya tsakaninmu. In maƙwabta suka ji, wani mai ƙarfin hali zai shiga ya zare soket ɗin.